Idon Ustad Inayat

Litinin, 3 ga Fabrairu
Shekara ashirin ina yanka tsofaffin fastocin silima ina mannawa, yau na shiga zauren baje koli na tarar da aikina a bango, kuma ba ni na yi ba. Daniyal, ɗan Sarwat mai zauren, ya ɗura wa na'ura hotunan ayyukana, ta haifa masa wannan. Har yagewar bakin takarda ta kwaikwaya. Sunansa kaɗai a ƙasa. Raina ya ɓaci matuƙa.

Talata, 4 ga Fabrairu
Na ce wa Sarwat ko a sa sunana ko in kwashe kayana kafin buɗewa ranar Juma'a. Wai, "Haba Nighat Baji, yayata, yaro ne fa, ya taɓa miki almakashi?" Yaron shekararsa talatin da biyu.

Laraba, 5 ga Fabrairu
Na rubuta jawabin da zan yi gaban jama'a. Kalmar ɓarawo ta fito sau tara.

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Wani tsoho, Ustad Inayat, ya zo rubuta allon ƙofa. Ya gama, ya shigo shan shayi, sai ya tsaya gaban babban aikina, ya daɗe.
"Beti, 'yata, wannan idon na jikin fastar nawa ne. Da hagu na zana shi, lokacin hannuna na dama a karye yake."
Ya nuna wasu huɗu da ya zana. Ko fushi bai yi ba, har cewa ya yi na iya yanka. Sannan ya tambayi ina kusurwar ƙasa, inda masu zanen suke sa hannu.
Ita nake fara datsewa. Kullum ita ce mai datti. A kilo nake sayen fastocin nan a Royal Park, unguwar 'yan silima, ban taɓa tambayar wa ya zana ba.
Na ce masa shayinsa zai huce.

Juma'a, 7 ga Fabrairu
Sarwat ta sa sunana ƙarƙashin na ɗanta, tana cika tana batsewa. Na ci nasara ke nan. Jawabin bai fito daga jaka ba, na ce ciwon maƙogwaro ne.

Asabar, 8 ga Fabrairu
Na zazzage buhunan yanke-yanke, don dai ɗakin yana buƙatar shara. Kusurwa goma sha ɗaya masu sa hannu, biyu nasa. Ba ni da lambarsa. Sarwat ce ke da ita, kuma ba ma ga maciji. Sai bayan la'asar zan kira ta.