Jiƙaƙƙiyar Safa a Cikin Tirela

Asabar, bayan Isha

Da safen nan na ga tirelar da Yaya Bashir yake son saya, irin mai gado a ciki da manyan tayoyi na shiga daji. Tana ƙofar gidan wani Bature a bayan unguwar Lewisham, an wanke ta tas.

Yaya da Baturen suka shiga da takalmansu. Ni na cire nawa a bakin ƙofa, don ban iya taka kafet da takalmi ba. Kusa da gadon na ji sanyi a tafin ƙafa, katakon kuma ya ɗan lotsa. Ruwa ne kwance a ƙarƙashin kafet ɗin.

Na faɗa wa Yaya da Hausa. Ya ce, "Kai Sani, ba alwalarka ce ba ta bushe ba?" Ya riga ya yi wa yara alkawarin camping, wato fita kwana a daji, ba ya son ji. Duk da haka ya ce wa mutumin zai yi tunani.

Har gida bai kula ni ba, yana ganin ƙirƙira na yi. Amma da na sauko daga tirelar, sawun safata ya fito a jiƙe a kan simintin ƙofar gidan. Matar Baturen ma ta gani ta taga, ta saki labule.