Tsatsa a Cikin Iri: Zuwa ga Kulu a Garagumsa

Zuwa ga Hauwa'u, Kulun gidan Malam Idi,

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ta dace da mace mai kunya da kawaici, ina tambayar lafiyarki da ta Baba, mahaifinki, da ta dukan mutanen gida. Yaya kuka ji da wannan fari? Labari ya iso mu a Zango cewa sau biyu kuka yi shuka, rana ta ƙone duka, kuma mata na cinye rabin yini a bakin rijiya kafin tulu ya cika. Allah Ya dube mu da idon rahama.

Ina neman gafararki da na kutso miki ba sallama. Na sani, tun ranar da iddarki ta cika ba ni da sauran hurumin tsayawa a ƙofarki. Ina kuma neman gafara da na sa wannan wasiƙa a shafin da nake zuba waƙoƙina, inda kowa zai karanta. Da gangan na yi. A bainar jama'a aka ɗora miki laifi, bai kamata in wanke ki a ɓoye ba.

Kin tuna takardar nan? A shekara ta uku da aurenmu, da surutu ya yi yawa, na je labo, ɗakin awo na asibiti, aka gwada maniyyina. Aka ce ƙwayoyin haihuwa suna nan da yawa, kuma suna motsi. Don murna har na kai takardar aka manne ta da leda kamar ta gadon gida, na ajiye ta cikin jakar waƙoƙina. Na nuna wa Inna, mahaifiyata. Na nuna wa Goggo Zara. Tun daga ranar duk wani ido ya koma kanki.

Kin sha sassaƙe mai ɗaci, kin sha jiƙo, kin sha rubutu. An duba ki a gidan likita sau da yawa, kullum a ce ba a ga komai ba, mu kuma mu ce ai ba su duba da kyau ba ne. Sau biyu ciki ya shiga, sau biyu ya zube kafin ya yi ƙwari. Na biyun ya faru a waccan shekarar yunwa, lokacin da kike rage naki tuwon ki ƙara mini, kina cewa ke kin ci a wajen tuƙi. Na san ba gaskiya ba ne, amma na ci.

A sunan ɗan ƙanena, Goggo Zara ta miƙa miki jariri ta ce, riƙe, ko kya ji yadda ake ji. Mata suka yi dariya. Kin karɓe shi, kin gyara masa hula, har kika yi masa wasa. Ina tsaye a bakin zaure, na ji komai, na juya na ci gaba da rabon goro. Cikin shekaru taran da muka yi tare, ba abin da ke dawo mini kamar wannan juyawar.

Da kika ce in sawwaƙe miki don in samu mai haifa mini, na yi kukan da ya dace, na kuma rubuta miki takardar saki. Har waƙa na yi a kan rabuwarmu, mutane suka yaba, ni kuwa a cikinta na fito a matsayin wanda aka jarraba.

To ga abin da ya faru, Kulu. Watan jiya wani ciwo da ya daɗe yana damuna a mara ya kai ni Yamai. Likitan ya duba, ya ce jijiyoyin maraina sun kumbura a gefen hagu, sannan ya tambaye ni ƴaƴana nawa. Na zaro takardata mai leda na miƙa masa da alfahari. Ya karanta, ya mayar mini a hankali, ya ce wannan ƙidaya ce kawai, ta faɗi yawansu, ba ta faɗi lafiyar cikinsu ba.

Ya yi mini bayani kamar yana koyar da ɗan lakkwal a aji. Ya ce jiki da kansa yana fitar da wasu abubuwa masu cin ƙwayoyinsa kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, kuma Allah Ya sa masa wasu masu tare su. Muddin masu tarewa sun isa, lafiya lau. In masu ci suka rinjaya, sai su raunana fatar ƙwayar maniyyi, har su taɓa saƙon halitta da take ɗauke da shi. Ƙwayar tana nan, tana iya iyo, amma ta isa da kaya a lalace. Wani lokaci ciki ba ya shiga, wani lokaci ya shiga ya kasa zama.

Aka ce in kama kaina na wasu kwanaki, in dawo. Na dawo, aka ba ni ɗan kwalba da ɗaki, na yi abin da kunya ba za ta bari in rubuta ba. Ma'aikacin labo ya ɗiga digo ɗaya a kan wani ɗan falle, ya zura cikin na'urar da ba ta kai akwatin rediyo ba. Kafin in gama gyara zama lamba ta fito. Ta haura iyakar da ake so, kuma ba da kaɗan ba.

Ina zaune a kan bencin labon nan Baba ya faɗo mini a rai. Kin san yadda yake yi kafin damina: ya ɗebo gero daga rumbun iri, ya naɗe cikin tsumma mai laima, ya rufe da ƙwarya kwana uku, ya ga nawa suka tsiro. Na taɓa yi masa dariya, ni ma'aikacin sarwis ɗin noma na gwamnati, na ce ai iri ga shi cike da rumbu. Ya ce mini cikar rumbu daban, tsiro daban. Dattijon da bai taɓa shiga labo ba ya san abin da na kasa sani a kaina.

Likitan bai iya ce mini ga dalili guda ba. Ya lissafa kumburin jijiyoyin, da tabar da na sha tun ina saurayi, da shekarun da na yi ina feshin maganin fara da ƙwari a karkara. An ba mu abin rufe hanci da safar hannu, ni ne nake cirewa saboda zafi, har in dama magani da hannuna. Ke ce kike wanke waɗancan tufafi daban, kina cewa warinsu ba na alheri ba ne.

Shekaru tara ina ta zargin gona,
Na mance da duba iri a hannuna.
Ya Kulu, in kin ga ruwa a idona,
Na kunya ne, ba na ciwon jikina.

Na daina taba. Ina shan ƙwayoyin da aka rubuta mini, an kuma sa ranar gyara jijiyoyin. Likitan ya ce sabon iri yakan ɗauki kusan wata uku kafin ya kammala a jikin namiji, sai a sake awo. Bai yi mini alkawarin komai ba, ni ma ba zan yi miki ba. Bai kuma rantse cewa ɓarin nan biyu daga gare ni suke ba, ya ce dai yana yiwuwa ƙwarai.

Na zaunar da Inna na gaya mata duka. Ta ce, mun ci amanar ƴar mutane. Goggo Zara ma na je har ɗakinta na gaya mata.

Yanzu ga abin da ya hana ni jinkiri. Na ji cewa wani dattijo daga garin Dogo yana nemanki, mai ƴaƴa da jikoki, wanda ya ce shi ba haihuwa yake nema ba, mai kula da gida yake so. Na ji kuma kin ce za ki amince, tunda ke juya ce, kuma bakinki ɗaya nauyi ne a kan rumbun Baba a wannan shekara. Kulu, babu likitan da ya taɓa kiranki juya. Mu ne muka kira ki. In kin aure shi don kina ganin mutuncinsa, Allah Ya sa albarka. In wani saurayi lafiyayye ya fito, wanda zai iya ba ki abin da na kasa, ki duba shi da kyau, ko da hakan zai karya ni. Amma kada ki yanke wa kanki hukunci da shaidar ƙarya da ni na yi ta yawo da ita.

In kuwa akwai sauran wuri a zuciyarki ga mutumin da ya juya baya a bakin zaure, zan zo gaban Baba in durƙusa, in nemi aurenki sabo, da ciwona a bayyane, ko da haihuwa ko babu.

Allah Ya saukar muku da ruwa mai albarka. Allah Ya ba ki ɗa na cikinki, ko a gidana ko a wani gida. Allah Ya sa ki yafe mini kafin mu tsaya a gabanSa.

Ina roƙon amsa da gaggawa, kafin a kai goro gidanku, kuma a rubuce da hannunki. Kada ki kira ni ta waya. Na san ki: da kin ji muryata ta karye za ki ce ba komai, don ki sauƙaƙa mini. A kan takarda ba mai karya miki zuciya, sai ki faɗi gaskiyar abin da kike so. Ko layi ɗaya ne, ki bai wa direban motar kasuwa ya kawo mini Zango. Duk abin da na tarar a ciki, na karɓa.

Wanda ya yi miki laifi, yake kuma ƙaunarki,
Mamman Sani