Ɗalibaina Sun Mayar da Ni Majinyacinsu

Anti mai shawara,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki ɓoye sunana, duk da na san duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar ajinmu zai gane ni. Shekarata arba'in da bakwai, ina da mata da 'ya'ya huɗu, shekara goma sha shida ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a. Ni ake kawo wa matsala, yau ga ni ina rubuto tawa.

A farkon zangon nan aka yanke cewa ɗaliban likitancin haƙori suna bukatar darasi kan yadda ake kwantar da hankalin majinyaci mai tsoro. Ranar taron raba aiki na fita in amsa waya, na dawo na tarar ni aka ba. Abin da ba a sani ba a wajen aiki shi ne, babu abin da nake tsoro a duniya kamar likitan haƙori. Ina ɗan shekara tara wani likita ya cire mini haƙori yana sauraren ƙwallo a rediyo, ya cire mai lafiyar ya bar mai ciwon. Tun ranar ban sake buɗe wa kowa bakina ba. Yanzu haka akwai wani turmin haƙori a ƙasa ta hagu da ya yi rami, shekara goma sha ɗaya muna zaune da shi. Da gefen dama nake tauna, in zan sha ruwan sanyi kuwa sai na karkatar da kai.

Ajin da aka ba ni a cikin ginin asibitin haƙori yake, bango ɗaya ya raba mu da ɗakin da ake aiki. A kan kowane tebur an ɗaure kan mutum na roba, baki a hangame, wanda ɗalibai ke koyon aiki a kansa. Ɗalibai talatin da takwas, kawuna talatin da takwas. Na roƙi mai kula da kayan aiki, wani dattijo mara son magana, ya rufe bakunan, ya ce ba a yi su don rufewa ba. Na sayo hankici na lulluɓe su, ya kai ƙarata.

A sati na uku asirina ya tonu, kuma ni na tona shi da kaina. Ina rubuta alamomin majinyaci mai tsoro a allo: yawan zufa, dariya babu dalili, ƙanƙame abin da ke kusa, rufe baki da hannu. Ina kan ta huɗu aka kunna injin nan mai kukan sauro a ɗakin da ke bayan bango. Da na dawo hayyacina sai na ga hannuna ɗaya ya ƙanƙame tebur, ɗayan yana bakina, rigata ta jiƙe, ina ta dariya ni kaɗai. Shugabar ajin, wata 'yar gajera mai ƙaton tabarau da suke kira Farfesa, ta dubi allo, ta dube ni, ta sake duban allo, sannan ta buɗe sabon shafi a littafinta.

Daga nan duk abin da na koyar sai ya dawo kaina. Na ce a yi wa mai tsoro magana a tausashe, sai aji duka ya koma yi mini raɗa, ko gaisuwa ba na ji sai na matso. Na ce a ba shi zaɓi don ya ji yana da iko, sai na tarar da mutum biyu a bakin ƙofa suna tambayata ko ina so in shiga yanzu, ko sai na ja numfashi uku. Na ce a yabe shi kan kowane ƙaramin ƙoƙari, ranar da na yi hamma ba tare da na rufe baki ba suka tafa mini.

Mafi munin darasi shi ne na sabo a hankali, wato a kusantar da mutum ga abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan har ya daina firgita. A sati na biyar na tarar an canja kujerata ta katako da mai soso. Na ji daɗi, har na yi godiya. Sati na shida kujerar ta sami majinginin kai. Sati na bakwai aka ce fitilar aji ta lalace, aka kawo wata mai dogon wuya aka tsayar a kaina. Anti, a sati na takwas ina tsakiyar bayani kan amana tsakanin likita da majinyaci na lura silin nake kallo. A kwance nake koyarwa, da ƙyalle a ƙirjina, da ƙaramin kofin kurkure baki a gefena. Ban san lokacin da aka kwantar da ni ba. Na ƙarasa darasin a haka don kada a ce na ji tsoro.

A gida ma ban tsira ba. Ashe Farfesa ta nemo lambar matata. Matar da shekara goma sha ɗaya take cewa in je a cire abin nan kowa ya huta, yanzu in na dafe kunci sai ta zauna kusa da ni ta ce, "Na ji ka, Baban yara, tsoronka yana da dalili." Kalma a kalma daga takardar da na raba wa aji. Babbar 'yata ta manna takarda a jikin firji tana zana mini tauraro duk ranar da na goge baki ban yi tsaki ba.

Satin da ya wuce ne abin ya kai maƙura. Ina kwance a kujerar ina bayani, Farfesa ta sa safar hannu ta matso da ɗan madubin nan mai sanda, ta ce ba za ta taɓa komai ba, nuna mini kawai za ta yi. Ban san na tashi ba. Na fita da ƙyallen a wuyana, na faɗa ɗakin ajiya, na durƙusa bayan kantar da ake jera kawunan da suka tsufa, kaina kawai ya leƙo a tsakaninsu. Dattijon nan ya shigo yana share su da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya tsaya, ya ce wannan ne kaɗai bakinsa a rufe, ya wuce na gaba.

Labari ya kai ga shugaban sashe. Na ɗauka zai tsawatar musu. Ya kira ni ofis yana murna, wai bai taɓa ganin darasin da ɗalibai suka riƙa da gaske haka ba. Ya yanke cewa jarrabawar ƙarshe ni ne. Nan da sati biyu, a gaban mai sa ido da za a gayyato daga wata jami'a, in ajin ya iya sa na buɗe baki aka duba haƙorin, duka sun ci. In na ƙi, duka sun faɗi, kuma ya tabbata abin da nake koyarwa ba ya aiki.

Ga shi tun shekaranjiya kuncina ya fara kumbura, ina jin zazzaɓi sama-sama. Na yi tunanin ajiye aiki. Na yi tunanin zuwa wani gari a cire a ɓoye, sai na tuna can ma likitan haƙori zan tarar. Kuma in faɗa miki gaskiya, da Farfesa ta kawo mini littafin da suke rubuta ci gabana don in sa hannu, na karanta shi tas, ban sami kuskure ko ɗaya ba. Ban taɓa samun ɗalibai irinsu ba, kuma ba na son ganinsu. Yaya zan yi?

Naki,
Malamin da ke koyarwa a kwance

*

Malam,

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma na daina da na zo kan kumburi da zazzaɓi. Bari mu fara da nan, don shi ne abin da ba ya jira. Haƙorin da ya kumbura kunci har ya sa zazzaɓi ya wuce maganar tsoro. Ciwon yana iya yaɗuwa, kuma ba zai tsaya sai ranar jarrabawa ba. Ka je wurin ƙwararren likita a cikin kwana biyun nan, ba a asibitin da kake aiki ba, ba kuma wurin ɗalibi ba. Kafin ka zauna ka gaya masa kai matsoraci ne, ka ba shi labarin abin da aka yi maka kana yaro. Ku yi yarjejeniya cewa in ka ɗaga hannu zai tsaya, kuma ba zai fara komai ba sai allurar kashe zafi ta kama. Likitocin haƙori suna ganin irinka kullum, manya masu gemu da muƙami. Ka tafi da maiɗakinka, ka roƙe ta ta yi maka magana da muryarta ta da. Ina jin ita ka fi bukata yanzu.

Sai ɗalibanka. Ba mugunta suka yi ba. Sun ga malaminsu yana fama, suka ɗauki abin da ya ba su suka yi ƙoƙarin taimakonsa da shi, wannan kuwa ba kowane malami ke samu ba. Amma sun yi babban kuskure, kuma rabin laifin naka ne. Ka koya musu sassauta murya, ka koya musu sabo a hankali, ka manta ka koya musu neman izini. Ba a jinyar mutum bai sani ba. Ba a kwantar da shi da dabara, ba a kiran matarsa a bayan idonsa, ba a buɗe masa littafi bai yarda ba. In suka fita da wannan ɗabi'a, gobe za su yi wa wata tsohuwa wayo su cire mata haƙori suna murmushi, su ɗauka kirki suka yi. Kana da sati biyu, wannan shi ne darasin da ya rage.

Ka koyar da shi a tsaye. Ka sa a fitar da kujerar nan, ka tsaya gabansu ka faɗa da bakinka cewa kana tsoro, ka gaya musu dalili, ka gaya musu yadda ka ji da ka tsinci kanka a kwance. Kana ganin girmanka zai zube, to me ya rage a ɓoye? Sun riga sun sani, dattijon ya sani, 'yarka ta sani. Abin da ba su taɓa ji ba shi ne yadda abin yake daga cikin mai tsoron, kuma babu littafin da zai gaya musu kamar kai. Ka yaba wa Farfesa a gaban kowa, sannan ka karɓi littafin nan, naka ne.

Shugaban sashe kuwa ka rubuta masa a takarda, cikin ladabi, cewa bakinka ba takardar jarrabawa ba ne, kuma ba daidai ba ne a rataya sakamakon mutum talatin da takwas a kan ciwon mutum ɗaya. Kada ka je masa hannu wofi. Ka kai masa wani tsarin: a samo masu sa kai su yi kamar majinyata, a gwada kowane ɗalibi shi kaɗai, a fara duba ko ya nemi izini kafin ya matso. In ya nace, akwai na sama da shi, kuma ban ga mai sa idon da zai yarda a danne malami a gabansa ba.

Maganar ajiye aiki ka bar ta. Mutum ba ya barin aikin shekara goma sha shida saboda haƙori ɗaya, balle ga shi aikin ya nuna ka iya shi fiye da yadda kake so.

Ka tashi da safe ka tafi kafin ka sami damar yin tunani, don tunani sana'arka ce, kullum zai samo maka hujjar fasawa. Allah ya ba ka lafiya, ya haɗa ka da likita mai sauƙin hannu, ya sa ɗalibanka su zama irin likitocin da ka rasa kana yaro.

Antinku