Rediyon da Aka Binne da Ransa

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Karɓar Ƙorafe-ƙorafe,
Hukumar Kula da Kafofin Sadarwa da Cinikin Intanet.

Daga:
Baban Kaset, mai haɗa rediyo,
Shago na 17, Layin Masu Gyara, bayan tashar mota.

Kwanan wata: Litinin, 9 ga Yuni.

GAME DA: Ɓata mini suna da mai shirin bidiyo Gwanin Latsa ya yi, da shirin rufe shagona na kasuwar intanet ranar 24 ga Yuni.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba tunda nake, don haka a yi mini afuwa in an ga tuntuɓe a rubutun.

1. Mu uku muke haɗa rediyo mai caji a cikin akwatin katako. Ƙanena kafinta ne ke ƙera akwatin, ni ke haɗa kayan ciki, mai ɗakina ke ɗinka yadin gaban lasifika. Shekara biyu muna sayarwa ta kasuwar intanet, inda masu saye ke ba shago taurari daga ɗaya zuwa biyar, kuma namu bai taɓa sauka ƙasa da huɗu ba. A kowane rediyo muna cusa siririn jan ƙyalle tsakanin batir da ƙarfen da yake taɓawa, don kada caji ya tsiyaye a hanya. Wutsiyarsa na leƙowa ta baya. Muddin ba a zare shi ba, rediyon ba zai ce uffan ba. Wannan bayani yana kan takardar da ke sama a cikin kwali, da baƙaƙen da ko ni nake karantawa babu tabarau.

2. Ranar 12 ga Mayu, bisa shawarar 'yata, na aika wa Gwanin Latsa rediyo ɗaya kyauta. Shi ne matashin nan mai gwada wayoyi da na'urori a bidiyo, wanda dubban mutane ba sa sayen ko caja sai sun ji ta bakinsa. Ba zan ɓoye wa Ranka ya daɗe ba, ni ma ɗan kallonsa ne. Na sha ƙyaƙyata dariya yana yi wa kayan wasu tsiya, ban taɓa tunanin akwai mai iyali a bayan kayan ba. Allah ya yafe mini.

3. Ranar Juma'a, 23 ga Mayu, ya ɗauko rediyona a shirinsa. Yana da wata al'ada da masu kallonsa ke so: da ya buɗe kwali sai ya kekketa takardar bayani ya watsa sama, wai na'urar kirki ba ta bukatar malami. Haka ya yi wa tawa. Ya latsa maɓalli sau uku, ya jijjiga, ya kara a kunne. Sai ya taɓe baki ya ce akwatin gawa ne aka aiko masa, kuma ya dace da masu sauraron rediyo a wannan zamani. Ya ɗora kofin shayinsa a kai, ya shiga maganar wata sabuwar waya. Duka abin daƙiƙa arba'in da ɗaya ne, na auna. A minti na shida na bidiyon ana ganin jan ƙyallen ƙuru-ƙuru yana reto kusa da hannunsa. Mun taru a shago da maƙwabta don mu kalla, har na saya musu lemo. Na so ƙasa ta tsage in shige.

4. Daga ranar, mabiyansa suka yi wa shagona caa. Mutanen da ba su taɓa riƙe rediyona ba suka yi ta ba ni tauraro ɗaya, suna rubuta ta'aziyya a ƙasa. Ranar 25 ga Mayu taurarina suka faɗo ƙasa da biyu. Masu saye takwas sun dawo da kwalayensu ko buɗewa ba su yi ba. A layi yanzu mai akwatin gawa ake kirana, har da waɗanda na koya wa riƙe abin walda. Ƙanena ya koma gyaran kujeru, ba ya iya haɗa ido da ni. 'Yata ta daina cin abinci tare da mu, tana ganin ita ta jawo. Mai ɗakina kuwa har yau tana zama bayan azahar tana yanka jajayen ƙyallaye, na rasa bakin ce mata ta bari.

5. Na bi duk hanyar da na sani. Na tura wa Gwanin Latsa saƙo tara, babu amsa. Ranar 2 ga Yuni na je ɗakin ɗaukar shirinsa, na wuni a benci wajen maigadi. Da la'asar sakatariyarsa ta fito ta shaida mini cewa ra'ayinsa ne ya faɗa, kowa na da 'yancin ra'ayi, kuma ba ya waiwayar tsohon bidiyo. Ranka ya daɗe, ban ƙi ra'ayi ba. Da ya kunna ya ce muryar ba daɗi, da na haɗiye. Amma yaya mutum zai yi ra'ayi a kan muryar da bai ji ba?

6. Kasuwar intanet ta aiko mini da sanarwa cewa duk shagon da ya kwana talatin ƙasa da taurari biyu za a rufe shi, ba kuma a sake buɗe wa mai shi wani. Nawa wa'adin zai cika ranar Talata, 24 ga Yuni. Na rubuta musu sau huɗu. Kowane karo na'ura ce ke amsawa, ta gode mini, sannan ta roƙe ni in ba ta taurari.

Saboda haka nake roƙon wannan ofishi mai albarka da ya umarci kasuwar ta dakatar da rufewar har a bincika, a kuma goge taurarin waɗanda ba su sayi komai a wurina ba. Ina kuma roƙon a sa Gwanin Latsa ya zare ƙyallen a gaban masu kallonsa ya kunna rediyon. Bayan nan ya faɗi duk abin da ya ga dama. Ba na neman diyya, ba na neman a hukunta shi.

A ƙarshe, Ranka ya daɗe, da hayar kaset na fara, shi ya sa sunan ya bi ni. Kaset ya mutu na koma faifai. Faifai ya mutu na koma tura wa mutane finafinai a waya, har kowa ya iya saukewa da kansa, sannan na koma haɗa rediyo. Ban kai ƙarar kowa ba, don zamani ne ya zo, kuma zamani ba shi da ofishi. Yanzu shekarata sittin da ɗaya, idona ya fara rauni, sai na laluba nake gane ƙananan wayoyin cikin rediyo. Ina jin tsoro, ban ji kunyar rubutawa ba. Saura kwana goma sha biyar. Na koyi sana'a sau huɗu, wallahi ba ni da idon koyon ta biyar.

Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon dubawa a kan lokaci.

Naka mai biyayya,

Baban Kaset
Shago na 17, Layin Masu Gyara.