Ƙarar da Gwaggo Za Ta Kai

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar nan ta daina yi maka gardama. Mu lafiya, kasuwar takalma ce dai ta yi sanyi, kowa ya koma wajen mai gyara.

Ba zan yi maka kwana-kwana irin na ciniki ba. So nake ka yarda a kai ka kotu. Zauna tukuna, kada ka yaga takardar.

Ka san gidan Baba da sunanka yake, kai ne babba. Ka kuma san Gwaggo, da ta raine mu bayan rasuwar Inna, ba ta da komai a rubuce sai maganar da Baba ya yi cewa ɗakin bakin rijiya nata ne har ta koma ga Allah. Na je wajen lauya, nan saman shagon mai gilashi. Ya ce alƙali zai iya tabbatar mata da wannan haƙƙi, amma sai ta shigar da ƙara, kuma sai an sami wanda ya musa. Kai ne za ka musa, mu kawo shaidu, a kayar da kai, kowa ya tafi gida.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta, na sake karantawa, ban ga abin dariya ba. Ni da na yi aikin koyarwa har na yi ritaya ban taɓa taka ƙofar kotu ba, yanzu da furfurata za a kira sunana a ce ina jayayya da matar da ta goye ni? Maganata ba ta isa ba? Muddin ina numfashi babu mai taɓa ko labulen ɗakinta. Ka bar dabarun kasuwa a kasuwa.

Yayanka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, na kuma karɓi faɗan, dama na yi kewarsa.

Maganarka ta isa. Kalma uku ce kawai ta hana ni barci: muddin kana numfashi. A sana'ata na ga alkawari iri-iri, mafi kyawunsu ma da mai shi ake binne shi.

Ban so gaya maka ba. Watan jiya babban ɗanka, injiniya, ya zo gaishe ta, ya kawo mata sabulu da turare, yaron kirki. Sai ya zaro tef ya auna ɗakin. Tana zaune bakin gado ya ce, "Kaka, ɗan ɗaga ƙafa." Ta ɗaga. Har ta riƙe masa bakin tef ɗin. Da ya tafi ta tambaye ni, "Auta, fenti za a yi mini?" Na ce eh. Ni da nake sayar da takalmin da ya matse mutum in ce zai saki, ranar ƙarya ta yi mini nauyi a baki.

Auta

*

Auta,

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Na tambaye shi. Bai ɓoye ba, ya ce shaguna uku za su fita a wurin, amma ba yanzu ba, "sai nan gaba." Da ya faɗi haka, gwiwata ya kalla.

Ka gaya wa lauyanka zan musa.

Yayanka

*

Yaya,

An gudu ba a tsira ba. Gwaggo ta ƙi dangwala hannu. Ta ce, "Shi zan kai ƙara? Wanda na tauna wa abinci?" Na yi zaƙin bakin da nake da shi kaf, ta ce in tashi mata daga tabarma.

Auta

*

Auta, karanta mata wannan da ƙarfi, a kunnen dama.

Gwaggo, ina durƙushe ina gaisuwa. Sau nawa kika kai ƙarata gaban Baba, ranar da na gudu daga makaranta, da ranar da na jefa Auta a kwata? Ban taɓa yin nasara a kanki ba, kuma ban taɓa yin asara ba. Ki kai wannan ma, ita ce ta ƙarshe.

Ɗanki

*

Yaya,

Ta dangwala. Ta ce a gaya maka ka yi aski, ka sa riga mai guga, kada ka je ka ba ta kunya a gaban alƙali.

Auta