Tsutsar Kunnen Maraƙi

Maisandari, Maiduguri

Zuwa ga ƙanwata Safinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ƙudajenki na ofis. Tunda aka yanke mana layin waya mun koma zamanin kakanni, don haka na ba Mikail direba wannan takarda ya kawo miki Jos.

Jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta dawo. Bayan Sallar Layya mutanen Khaddamari suka gan ta a bakin gona, suka gane ta, suka aiko mini. Ita kaɗai ce daga cikin garken da mutanen daji suka kora tare da ƙaninmu Usama a farkon damina. Da ciki ta tafi, da maraƙi ta dawo.

Kunnen maraƙin na hagu ya kumbura, tsutsa cike. Na ciccire su na zuba a kwalbar sifirit, na ɗauke su hoto da wayata, wadda yanzu ba ta da wani aiki sai wannan. Shekara da shekaru ina yi miki dariya, ɗiyar makiyaya ta je jami'a ta karanto ƙuda. To yau ga ni na zo da kaina. Ki duba ki gaya mini ƙudan wane daji ne, ko ma san inda aka kai Usama.

Ki hanzarta. Wani da ya tsere daga hannun mutanen dajin ya ce ya ga an harbe makiyaya a cikin azumi. Bai ga fuskar kowa ba, amma Baba Umara ya ce hakan ya isa, a yi wa Usama sallar gawa daga nesa, matarsa Kellu ta shiga takaba. Ƙanin mahaifinmu ne, ba na iya yi masa musu da hannu wofi.

Yayanki,
Saleh

Jos

Yaya Saleh,

Wa'alaikumus salam. Na gaishe ka da girmamawa, ina gaida Baba Umara da Kellu. Na karanta takardarka a tsaye, sai da na zauna kafin in kai ƙarshenta.

Gara in faɗa maka tun yanzu, ƙuda ba ya nuna gari. Masu sa tsutsa a raunin dabba suna ko'ina, daga bakin tafki har nan Jos. Kada ka sa wa Kellu rai a kan wannan.

Hotunanka kuwa, Yaya, Allah ya ba ka lada, amma shinkafa na gani a faranti. Tunda ka adana tsutsar, ka kai wa mai hoto na gaske. A shimfiɗa su duka a kan baƙin ƙyalle, a ajiye tsinken ashana a gefe don in san tsawonsu. A ɗauki ɗaya daga gefe, sannan a ɗauki gindinta kusa-kusa, wato ɓangaren mai kauri, don a nan ake bambance su. A ɗauki kunnen ma. Ko ba don komai ba, zan gaya maka maganin da ya dace.

Ka roƙi Baba ya ɗan dakata. Ka ce ni na roƙa.

Ƙanwarka,
Safinatu

Maisandari

Safinatu,

Salamu alaikum, ya aiki? Ga hotuna. James mai hoto na Jiddari Polo ne ya ɗauka. Ya ce ya ɗauki amare, ya ɗauki 'yan siyasa, bai taɓa ɗaukar gindin tsutsa ba. Da na faɗa masa dalili sai ya daina dariya, ya rufe shagon, ya yi aikin a nutse.

Yanzu bar maganar daji, tambayata ta canja. Kumburin ya saɓe, na ga kunnen sosai. Ba ƙaya ba ce, ba cizon kare ba. Wuƙa ce. Tsaga biyu a gefe, ɗaya a tsini, shaidar gidanmu. Ɓarawo ba ya sa wa dabba shaidar mai ita, Safinatu. Usama ne ya tsaga kunnen nan. Na tsaya a turke ina kuka kamar ba ni ne babba ba.

Na nuna wa Baba. Ya duba, ya yarda hannun Usama ne. Amma ya ce maraƙin ya kai wata huɗu, ta yiwu tun haihuwarsa aka tsaga, kafin azumi, raunin ya ƙi warkewa ya zama gyambo. Ranar da na fara ganin kunnen jini ne da ruwa, ban san sabo ba ne ko tsoho.

Ya ba ni zuwa dawowar Mikail, daga nan zai sanar da liman. Kellu ba ta cin abinci. Jiya ta tare ni a zaure ta ce, “Yaya, in ya mutu a gaya mini, in yana nan a gaya mini. Tsakiyar nan ce ba na iyawa.”

In tsutsa tana da abin faɗa, to ta faɗa yanzu.

Saleh

Jos

Yaya Saleh,

Bayan gaisuwa, ka gode wa James, hotunan sun fito fes. Zan yi maka bayani yadda za ka iya maimaita wa Baba.

Ƙudajen da ke sa tsutsa a rauni iri-iri ne. Akwai masu bin ruɓaɓɓen nama, su ne ke zama a tsohon gyambo. Da su ne, da ban da abin ce maka. Akwai kuma wanda ba ruwansa da ruɓa, naman rai yake ci, kuma ɗanyen rauni mai jini ya fi ja shi. Tsutsarsa tana da zoben ƙayoyi jere a jiki, kamar kusar da ake murɗawa, kuma ramukan numfashinta na baya suna da siffarsu daban. Taka ita ce wannan. Na nuna wa shugabar sashenmu ba tare da na gaya mata labarin ba, ita ma abin da ta ce ke nan.

Tsutsar nan kusan mako take yi a rauni, sai ta faɗi ƙasa. Naka duk tsawonsu ɗaya, ba su gama girma ba, wato zubin ƙwai ɗaya ne. Da tun damina take cin kunnen nan, da babu kunnen da za ka ga shaida a kai. A iya sanina, an yi tsagar nan mako guda ko ƙasa da haka kafin saniyar ta iso hannunka. Bayan azumi da nisa.

Amma ka ji ni da kyau, Yaya. Wannan ya nuna mai wuƙar yana raye a makon. Bai nuna inda yake ba, bai nuna halin da yake ciki yau ba. Kada ka ƙara wa maganata gishiri a gaban Kellu. Ni ma ɗan'uwana ne.

Ƙanwarka,
Safinatu

Maisandari

Safinatu,

Salamu alaikum. Na karanta wa Baba. Ya ce, “Yanzu shaidar ƙuda za mu bi?” Daga baya ya ce a bar liman ya huta.

Na karanta wa Kellu duka, har wurin da kika ce ba ki san halin da yake ciki yau ba. Ban rage ba, ban ƙara ba. Ta ce a gaya miki wushe, wato sannu, ta gode. Ta ce mutumin da ke tsare a daji, ya zauna ya sa wa maraƙi shaidar gida, bai cire rai da dawowa ba, kuma ba ita za ta riga shi cirewa ba.

Har yanzu babu labarinsa. Ki ci gaba da addu'a.

Yayanki,
Saleh