Katakon da Aka Kawo daga Yawuri

Ain Khaled, Doha

Zuwa ga uwargida Rakiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya mutanen Yawuri, ya ruwa? Ki ba 'yarki Hannatu ta karanta miki, ita ta saba da rubutuna na yaƙi da jahilci.

An cire mini yanar idon, yanzu ina ganin komai, har abin da ba a so in gani. Likita ya sallame ni tuni, amma duk lokacin da na yi maganar komawa gida sai ɗanki Umar Faruq ya ce in ƙara hutawa. Fasfona yana hannunsa.

Ga abin da na gano. In ya dawo daga aiki, ɗaki yake shiga ya zauna gaban kwamfuta yana zana jirgin ruwan yaƙi, dogo, da manyan igwa gaba da baya. Yaron nan da ya ƙi riƙe gizagona, ya ce mini sassaƙar jirgi ba aikin mai karatu ba ce. Na tsare shi, sai ya ce sha'awa ce kawai, wai irin jiragen da Turawa suka yi tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu yake tsarawa. Wai a lokacin an yi yarjejeniya, kada nauyin jirgi ya wuce tan dubu goma, kada faɗin bakin igwa ya wuce inci takwas, shi ma ba zai ƙetare ba. Na tambaye shi wa zai zo ya auna. Ya ce ba kowa, masu dokar sun daɗe da mutuwa. Rakiya, kin taɓa ganin mai tsoron dokar matattu, in ba akwai wani mai rai a bayansa ba?

Ki sa a duba mini jirgina, a ƙara ɗaure shi, ruwa na tasowa.

Mijinki,
Baballe mai jirgi

Zuwa ga Rakiya,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Da fatan jikin da sauƙi.

Amsarki ta zo ta hannun Ghali, direban nan na unguwar Mansura a nan Doha da ya dawo daga hutu a gida. Kin ba ni labarin kowa har da akuyar maƙwabta, jirgina kaɗai kika tsallake.

Ɗanki har yanzu yana kan zanensa. Kwana biyu yana ta ragewa yana ƙarawa: in ya kaurara sulken ƙarfen, gudu ya ragu, in ya ƙara inji, nauyi ya haura. A ƙarshe ya bar gefen jirgin siriri kamar gwangwani. Da bakinsa ya ce harsashi zai iya fasa shi. Na ce to gyara mana. Ya ce a'a, haka na wancan zamanin suke, in ya cire aibin ya yi ƙarya. Ban gane ba, kuma ban yarda ba.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Bayan wasiƙarki, Ghali ya kawo wani dogon ƙunshi a buhu, matar ɗanki Bilqis ta yi sauri ta shige da shi ɗakin. Da suka fita kasuwa na buɗe. Katakon maɗaci ne. Tun kafin in juya shi na ji warin kogi. A gefe ga facin gwangwanin da na buga da hannuna shekarar da dorina ta ture mu, ƙusa guda a karkace kamar yadda na bar ta.

Wa ya sa wa jirgina zarto? Ina ta zargin ɗanki da zana wa wasu makamai, ashe ni aka haɗa wa kai, kuma da ke a ciki. An kawo ni gyaran ido ne, ko an kawo ni ne don in ba da wuri?

Ina jiran amsa.
Baballe

Zuwa ga Rakiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Ban jira amsarki ba. Na ajiye katakon a tsakiyar falo, na zauna kusa da shi har ɗanki ya dawo. Bai yi musu ba. Ya ce gindin jirgin ya ruɓe tun bara, kuma kowa a bakin ruwa ya sani, ni ma na sani, shi ya sa nake tafiya da ƙwarya biyu ta kwarfar ruwa. Ya ce ke kika yi masa waya kina kuka ranar da na kusa kifewa da fasinja. Da an bar ni, da na yi faci.

Ya miƙo mini fasfo, ya ce in tafi duk ranar da na ga dama. Sannan ya shimfiɗa zanen a ƙasa. Wai ya gama tsarin, saura a fitar da gangar jikin jirgin, 'yar ƙarama, tsawon hannu, kuma inji zai iya yankawa amma da wannan katakon yake so, da hannuna. Na ce ba zan cire facin ba. Ya ce dama bai so a cire.

Kada ki ɗauka na huce. Shekara arba'in muna tare, ai da kin faɗa mini a fuskata. Shi ma ban gama yarda da shi ba, zan zauna ne in ga ƙarshen jirgin nan da idona, in kuma wani ya zo da ma'auni zan sani.

Abokin Ghali zai taso ranar Laraba. Ki naɗe gizagona a tsohon zane ki ba shi. Kada kowa ya wasa mini shi.

Mijinki,
Baballe